Ƙashi Ya Haɗe, Hannu Bai Tashi Ba: Raunin Jijiya da Neman Diyya a Kumasi

Kalmar jijiya a bakin Bahaushe abu uku take ɗauke da shi. Akwai jijiyar da jini ke bi, akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma fararen zarurrukan nan da ke fitowa daga laka, suna kai umarnin ƙwaƙwalwa ga tsoka, suna komo mata da labarin zafi da sanyi da taɓi. Ta ukun ake nufi in likita ya ce jijiya ta taɓu bayan hatsari, ita za mu kira jijiyar saƙo. Rashin rarrabe ukun nan na jawo asara. Mutum ya fito daga Gii, kamar yadda mutanen Kumasi ke kiran asibitin koyarwa na Komfo Anokye, an ce masa matsalar jijiya ce, ya koma Aboabo ya gaya wa dangi, su kuma su ɗauka irin ciwon jijiyar nan ne da man zafi da tausa ke warwarewa. Mai motar da ta buge shi ya zo da dattawa, a yi addu'a, a ajiye ɗan abin sayen magani, a tashi. Bayan wata takwas ƙashi ya haɗe sarai, hannu kuwa na nan a sake kamar tsumma.

Jijiyar saƙo tamkar igiyar wayarin mota take: bawo a waje, a ciki dubban siraran zare, kowanne da rigarsa. Rauninta hawa uku ne, kamar yadda likitan Ingila Herbert Seddon ya kasa shi a farkon shekarun 1940. Mafi sauƙi shi ne a danne ta ko a ɗan ja ta, zare bai tsinke ba, saƙo ne kawai ya tsaya. Wannan kan dawo da kansa cikin kwanaki zuwa wata uku. Na biyu, zaren ciki ya tsinke amma bawo na nan. Abin da ke ƙasa da wurin raunin sai ya mutu ya narke, sabon zare ya tsiro daga sama ya bi tsohuwar hanya. Na uku, ta rabu biyu gaba ɗaya. Wannan ba ta haɗuwa sai an ɗinke ta, in kuwa tumɓuko ta aka yi daga jikin laka, babu mai mayar da ita. A makon farko duka ukun kamarsu ɗaya, ba ji ba motsi, kuma hoton ƙashi ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu.

Sabon zaren yana tafiya kimanin milimita 1 a rana, wato santimita 3 a wata. Tsokar da ke jiransa kuwa haƙurinta na da iyaka: in ta yi wata 12 zuwa 18 saƙo bai iso ba, ta rame ta zama tabo, ko zaren ya iso daga baya bai tarar da kowa a gida ba. Ɗauki wanda ya karye a tsakiyar dantse. Jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu tana zagaye ƙashin nan ta baya, manne da shi, shi ya sa karayar kan zo da hannun da ya rusuna ƙasa, yatsu sun ƙi miƙewa. Daga wurin karayar zuwa tsokokin da ke ɗaga hannun bai fi santimita 12 zuwa 15 ba, tafiyar wata huɗu ko biyar, kuma mafi yawan masu irin wannan rauni suna samun hannunsu ba tare da an taɓa jijiyar ba. Wanda tasa ta tsinke a gindin wuya labarinsa daban. Daga can zuwa ƙananan tsokokin tafin hannu ya haura santimita 60 a jikin babban mutum, kusan tafiyar shekara biyu. Kafaɗa da gwiwar hannu na iya farfaɗowa, yatsu da wuya.

Duk wanda ya yanka wa raunin jijiya farashi a watan farko, likita ne ko lauya ko jami'in inshora ko kawun mai rauni, cinikin biri a sama yake yi.

Raunin gindin wuya shi ne na 'yan babur. Saiwa biyar ke fitowa daga laka a nan, su saƙu da juna, su bi ta hammata su rarrabu cikin hannu. In okada, wato babur ɗin haya, ta kayar da mutum a Sofoline ko hanyar Tafo, kafaɗa ta daki kwalta, kai ya karkata ɗaya gefen, saiwoyin sai su miƙe har su tsinke. Akwai alamar da ya kamata mai jinya ya duba da idonsa: in fatar ido ta gefen raunin ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance, galibi saiwar ƙasa ce ta tumɓuke daga laka. Haka ma ƙuna mai tsanani a hannun da ko an tsira masa allura ba ya ji. Tiyatar irin wannan rauni ta fi amfani tsakanin wata uku zuwa shida. Ana ciro wata siririyar jijiya daga bayan ƙwauri a yi gada da ita, ko a karkato reshen wata lafiyayyar jijiya a jona wa wadda ta mutu. In an haura shekara, sai dai a koma dabarar sauya wa agara da tsoka wurin zama don a samu ɗan amfani. Aikin na sashen tiyatar gyaran jiki ne da na ƙashi a manyan asibitocin koyarwa, Komfo Anokye a nan, Korle Bu a Akra, kuma samun layi na cin lokaci, don haka takardar turawa a neme ta da wuri.

Yanka kuma saurinsa ya fi haka. Injin gurza ƙarfe a Magazin na Suame, unguwar makanikai, gilashin luba da yaro ya tura hannu ya fasa, wuƙar fawa da ta zame: in kaifi ya ratsa wuyan hannu ta ciki, jijiyoyi biyu na kwance dab da fata. Abin da ya fi faruwa shi ne a tsayar da jini, a ɗinke fata a ƙaramin asibiti, a sallami mutum. Gwajin bai kai minti biyu ba. A rufe masa ido a shafi kan ɗan'ali da kan ƙaramin yatsa, ya faɗi wanne aka taɓa. Ya haɗa babban yatsa da ƙaramin. Ya ware yatsunsa ya haɗe su. In ɗaya ya gagara, a koma babban asibiti a ranar, domin jijiyar da kaifi ya yanke cikin 'yan kwanakin farko ake son ɗinke ta, kafin bakunanta su janye.

Sai allura. Babbar jijiyar ƙafa tana ratsa ɗuwawu ta tsakiya zuwa ƙasa, shi ya sa ake koyar da cewa a raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a gidan sama na waje, ƙananan yara kuma a gefen cinya. In an kuskure, mutum kan ji kamar an jona masa wutar lantarki har tafin ƙafa nan take, daga baya ƙafar ta riƙa jan ƙasa, silifa na zamewa. Masu lasisin kantin magani na cikin unguwa ba su da izinin yin allura, kuma wannan kaɗai babbar hujja ce a kotu, sai dai ba sa ba da rasit. A rubuta ranar, da sunan maganin, da wanda ya raka mai ciwon, a adana kwalbar in an samu. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'idar lafiya ita ce a kai rahoto a ɗebi bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14 a gwada shan inna a cibiyar Noguchi da ke Legon. Iyaye su ba da haɗin kai, don sakamakon na toshe bakin wanda zai ce ai shan inna ce, ba allurarsa ba.

Ɗori sai an yi maganarsa da adalci. Akwai maɗora masu hannu, kuma mutane na zuwa wurinsu ne saboda kuɗin asibiti da tsoron a yanke musu gaɓa. Amma in aka tamke kara a kan hannun da ke kumbura, jini ya kasa shiga, cikin kimanin awa shida tsoka da jijiya sun fara mutuwa. Alamar ita ce zugin da ya wuce misali, wanda ke ƙaruwa in an miƙe yatsu. A kwance nan take a tafi asibiti. Filastar asibiti ma in ta matse hukuncinta ɗaya. Ta fuskar shari'a kuwa, wanda ya sa hannu ya fita asibiti ba da yardar likita ba ya miƙa wa kamfanin inshora sanda. Za su ce karaya muka sani, shanyewar daga ɗori ta zo. Abin da zai cece shi kaɗai shi ne ya kasance an rubuta a katinsa tun ranar farko cewa hannun ba ya ɗaguwa kafin kowa ya ɗaure shi.

A nan ne yawancin ƙararraki ke mutuwa tun ba a haife su ba. Bayan hatsarin mota, 'yan sandan sashen kula da hanya, MTTD, kan auna wuri su zana, jami'in hukumar lasisin direbobi da motoci, DVLA, ya duba motar, a ba mai rauni takardar asibiti ta 'yan sanda likita ya cike. Cikin gaggawa ake cike ta, sau da yawa layi biyu: karaya a dantse, ƙujewa a fuska. Bayan shekara kamfanin inshora zai buɗe ta ya ce ina aka ambaci jijiya? Don haka mai jinya ya buɗe baki, cikin ladabi: "Dokta, don Allah a duba, ba ya jin yatsun nan, a sa a kati." Likitoci na auna ƙarfin tsoka da maki 0 zuwa 5. Sifiri babu motsi, 1 ɗan rawar tsoka, 2 motsi a kwance, 3 ɗaga gaɓa sama, 4 ɗagawa ana dannewa, 5 cikakken ƙarfi. A roƙi a rubuta makin kowace ziyara. Akwai kuma ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa: inda mai rauni ya ji tsirr ya sauka zuwa yatsu, nan sabon zare ya iso. In wurin na matsawa ƙasa wata bayan wata, ana samun ci gaba. In ya kafe wuri ɗaya wata uku, a koma wa likitan tiyata. Gwajin lantarki na jijiya da tsoka, wanda ake kira EMG, ba ya faɗin gaskiya sai bayan mako uku zuwa huɗu, kuma ya fi ƙarfi a gaban alƙali in an maimaita shi bayan wata uku aka kwatanta. A gida kuma, bidiyon waya na minti ɗaya kowane wata, mai rauni na ƙoƙarin ɗaga kofi ko ɓalle maɓalli, ya fi doguwar rantsuwa.

Katin asibiti haƙƙin mai shi ne ya samu kwafinsa. Babbar Kotu a Akra ta tabbatar da haka a 2010, Dokar Kare Bayanai ta 2012 ma ta ba mutum damar neman abin da aka rubuta a kansa. A nema a rubuce, a riƙe kwafin wasiƙar da tambarin karɓa.

Ƙofofin diyya uku ne, kowace da ƙa'idarta. Ta farko inshorar mota. Tun 1958 doka ta wajabta wa duk abin hawa inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni, kuma fasinjan torotoro, wato motar haya, da mai tafiya a ƙasa da ɗan babur ɗin da aka banke duk suna ciki. Diyyar rauni da rai ba a yi mata iyaka a wannan inshora ba, ta dukiya ce aka iyakance. Tun a wurin hatsari a ɗauki hoton lambar motar, a danna *920*57# a waya a ga ko inshorarta na da rai, da sunan kamfanin. Za a buƙaci rahoton 'yan sanda, rahoton likita, rasit, katin shaida da hotunan raunin. In kamfani na jan ƙafa, ana kai kuka Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, tana da ofis a Kumasi. Ita ce kuma ke kula da asusun da ke ɗan tallafa wa wanda motar da ba ta da inshora ta buge, ko wadda ta tsere. Abin da asusun ke bayarwa bai kai diyyar kotu ba, amma da babu gara ba daɗi. Okada da faragiya, wato keke mai ƙafa uku na haya, nan ne ake shan wuya, domin dokar hanya ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja da babur don kuɗi, aka shafe shekaru da yawansu na yawo da inshorar amfanin kai ko ba su da ko ɗaya. In za a je kotu, direba da mai motar ake ƙara, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce kafin a shigar ko cikin 'yan kwanaki bayan shigarwa, in ba haka ba yana iya zame wuyansa daga biyan hukuncin. Wata doka ta 1963 ta ba alƙali damar rage diyya gwargwadon sakacin mai rauni. Sai dai ragin ya dace da raunin: rashin hular kwano hujja ce a kan raunin kai, ba ta da alaƙa da jijiyar hannu, kada a yarda a cusa ta.

Ƙofa ta biyu ta wanda ya ji rauni a bakin aiki ce, ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987, mai lamba PNDCL 187. Daɗinta shi ne ba sai an nuna laifin maigida ba. Ya isa a ce a kan aiki abin ya faru. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, ta haɗa da ɗan koyo, abin da yawancin yaran Magazin ba su sani ba. Ta fitar da ɗan gidan maigida da ke zaune tare da shi, kuma babu diyya ga wanda aka tabbatar maye ne ya jawo masa hatsarin, giya ko ƙwaya. Lissafinta: nakasa ta dindindin gaba ɗaya albashin wata 96 ce, nakasar wani sashe kuma kason da likita ya ƙiyasta daga cikin wannan. A misali, mai albashin sidi 1,500 a wata, cikakkiyar diyyarsa 144,000. In an ƙiyasta masa kashi 40 cikin 100, ya tashi da 57,600. Gaɓar da ta daina aiki kwata-kwata ana lissafa ta kamar wadda aka yanke. Ofishin Ƙwadago ke ba da fom ɗin da likita zai cike, shi ke yin lissafin. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ɗora wa maigida kai rahoton hatsari cikin kwana 7, amma kada a zauna jiransa, domin wa'adin ma'aikaci wata shida ne kacal na sanarwa da neman diyya, kuma sanarwar ta riga barin aiki da ƙafarsa. Wata shida kuwa daidai lokacin da ake zaman jiran jijiya ne. A shigar da takarda yanzu, ƙiyasin kaso ya biyo baya. In akwai sakacin maigida a fili, kamar injin da aka cire wa murfi, ana iya bin hanyar ƙarar sakaci wadda kan fi tsoka, amma ba a cin diyya biyu a kan rauni ɗaya, don haka a ji ta bakin lauya kafin a zaɓa.

Ta uku ita ce mafi tsauri: sakacin ma'aikacin lafiya. Mummunan sakamako kaɗai bai zama sakaci ba. Kotunan Ghana na bin ma'aunin da aka kafa a Ingila a 1957, wato shin abin da ya yi ya dace da abin da ƙwararrun abokan sana'arsa za su yarda da shi? Ke nan sai an samo wani likita ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa, abin da ba ya zuwa da sauƙi. Akwai dai inda abu ke bayyana kansa, nauyin bayani ya koma kan asibiti. A 1975 Babbar Kotu a Kumasi ta bi wannan ƙa'ida a shari'ar wata mata da aka kwantar don tiyatar ciki ta ƙare da rasa hannu. Jaririn da aka haifa hannu a sake, bayan kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa, shari'arsa na tsaka-tsaki: maƙalewar kan zo ba zato, amma in littafin awo ya nuna uwa na da ciwon sukari ko an ga ɗan ya yi girma ba a yi shiri ba, magana ta canza. Yawancin jariran na warwarewa da gashi da motsa gaɓa irin na asibiti. Wanda ya kai wata uku bai lanƙwasa gwiwar hannu ba, a kai shi ga likitan tiyata. Sa hannu a takardar yarda da tiyata yarda ce da hatsarin da aka bayyana, ba lasisin sakaci ba ne. Kai kuka Majalisar Likitoci ko ta Nas-nas da Ungozoma na iya jawo horo ga mai laifi, amma kuɗi daga kotu ko sulhu yake fitowa. In gwamnati za a ƙara, wata doka ta 1998 ta ce a ba Babban Lauyan Gwamnati sanarwar kwana 30 tukuna.

Ƙarar sakaci, ta mota ce ko ta asibiti, wa'adinta shekara uku daga ranar da abin ya faru, bisa dokar wa'adi ta 1972. Zirga-zirgar ofishin inshora ba ta tsayar da wannan agogo, zaman sulhu ba ya tsayar da shi, shari'ar da 'yan sanda ke yi da direba ma haka. Tarar da aka ci shi ta gwamnati ce. Yara na da wani sassauci, amma da sharuɗɗa, kada iyaye su jingina da shi. Tsarin da ya fi dacewa shi ne hujja tun makon farko, rahoton ƙarshe na ƙwararre tsakanin wata 12 zuwa 18 lokacin da raunin ya tsaya inda zai tsaya, ƙara kuma kafin shekara ta biyu ta fita in ba a daidaita ba.

A zango, shari'a abin kunya ce, musamman in mai motar maƙwabci ne ko abokin sahu a masallaci. "Alhaji, ƙaddara ce, a bar wa Allah," in ji dattawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma abu biyu ake mantawa. Na ɗaya, in motar na da inshora kuɗin ba daga aljihun maƙwabci zai fito ba, abin da ya riƙa biya duk shekara ke nan domin irin wannan rana. Na biyu, fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Asawase da Sabon Zango bai ɗauki diyya abin kunya ba. A mazhabar Malikiyya hannu ɗaya rabin diyyar rai ne, wanda ya shanye hukuncinsa hukuncin wanda aka yanke, kuma Risala ta faɗa a fili cewa ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke. Malaman nan sun riga likitocin jijiya gane cewa rauni sai ya gama bayyana ake sanin kuɗinsa. Kotun Ghana ba da wannan ma'auni take hukunci ba, amma zaman sulhu a gaban liman ko Sarkin Zango na iya aro hikimar: a rubuta cewa abin da aka bayar yanzu na magani ne da abinci, maganar diyya na nan a buɗe har likita ya yi rahoton ƙarshe. Takardar da kamfanin inshora ke miƙowa tare da cek kuwa, mai cewa an karɓi cikakken biya na ƙarshe, in an sa mata hannu an rufe ƙofa. Diyya sau ɗaya ake biya. Sulhun da ya shafi yaro, in ƙara na gaban kotu, sai alƙali ya amince da shi.

Abin da kotu ke biya kashi biyu ne. Akwai asarar da ake ƙirgawa, wadda dole a jera ta a takardar ƙara a kuma kawo shaidarta: kuɗin asibiti, gwaji, gashi, takalmin roba mai riƙe ƙafa, kuɗin mota zuwa asibiti, ribar da aka rasa. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa: azaba, rasa jin daɗin rayuwa, da abin da mutum zai kasa samu nan gaba, gwargwadon shekarunsa da sana'arsa. Mai albashi takardar biya ta ishe shi. Mahauci da tela da mai tuwo sai sun yi dabara: bayanan shigar kuɗi na MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na watannin kafin hatsari da bayansa, katin adashi, littafin bashi, wasiƙar shugaban ƙungiyar sana'a, da abokin aiki da zai tsaya ya faɗi dabba nawa ake yanka a mako. Zugin jijiya shi ma a nuna shi da takarda. Farasitamol da dikolofenak ba su cika taɓa shi ba. Amitiriptilin, gabapentin ko piregabalin likita kan rubuta, kuma katin da ke nuna shekara guda ana karɓar su shaida ne. Wanda ya koma sayen taramadol a bayan fage ya rasa shaidar, ya ƙaro wa kansa wata cutar. Mai ciwon sukari ya shirya jin cewa dama jijiyoyinsa sun lalace. Amsar ita ce na sukari ƙafa biyu yake kamawa tare, daga yatsu yana hawa a hankali, na rauni kuwa hanyar jijiya ɗaya yake bi, daga rana ɗaya sananniya.

Kotun gunduma na sauraron ƙarar da ba ta wuce sidi 500,000 ba, kotun da'ira har miliyan 2, abin da ya haura sai Babbar Kotu. Jinkiri na cin diyya; wanda aka yi wa ƙiyasi kafin hauhawar farashin da ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamban 2022 ya san haka, don haka in shari'a ta ja, lauya ya nemi sabunta alƙaluman. Mara hali ya nufi Hukumar Taimakon Shari'a. Mai ɗaukar lauya ya nemi yarjejeniyar lada a rubuce, ya kuma tabbatar lauyan na da lasisin shekarar, domin Kotun Ƙoli ta yanke a 2016 cewa takardun da mara lasisi ya shigar ba su da inganci. 'Yan tsakiyar nan da ke shawagi a harabar asibiti da ofisoshi, waɗanda Ghana ta raɗa wa suna da goron Bahaushe, a yi hattara da ba su asalin takardu. Mai biyan SSNIT, asusun fanshon ma'aikata, da ya zuba wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe, in kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai ƙara iya aiki ba, yana da fanshon nakasa, wanda hanyarsa daban da ta diyya.

Rahoton ƙarshe shi ne takardar da kowa zai yi ciniki a kanta, don haka a karanta shi kafin a bar ofishin likita. Ya faɗi sunan jijiyar da inda ta ji rauni, makin kowace tsoka, iyakar wurin da ba ya ji, sakamakon EMG, tiyatar da ta rage da kuɗinta, da ra'ayin likita cewa hatsarin ne sanadi. Ya faɗi ko hannun dama ne ko hagu, da wanda mutumin ke aiki da shi. Ya kuma ambaci sana'a, domin kaso ɗaya ba asara ɗaya ba ne. Mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi ga mai shagon atamfa a Kejetia damuwa ce. Ga mai wayarin mota da ke lalubar siririyar waya a bayan sitiyari, ko tela mai zura zare a allura sau ɗari a wuni, an tashe shi daga sana'a ne, kuma in likita bai rubuta haka ba jami'in inshora ba zai rubuta masa ba.